Sanyin Hannun Baba

Bana ma malka ta sauka mana a Tambuwal, irin ruwan nan da ba tsawa ba iska, sai dai ya yi ta zuba siriri har bangon ɗaki ya jiƙe ya fara wari. Jikata Asma'u tana gida hutu daga makarantar koyon aikin jinya, kuma da yake ruwa ya hana kowa fita, ni ta mayar majinyaciyarta. Kowace safiya sai ta naɗa mini abin awon jini a dantse, ta matsa, ta saurara, ta ce, "Tsohuwa, ke dai gishiri ne zai kai ki."

Wata rana tana warware abin awon daga hannuna na yi mata tambayar da na daɗe da ita a ciki. Na ce, "Ke likita, mi ka sa hannun mutum shi yi sanyi ƙalau, alhali gumi na zubo mai, kuma ba zazzaɓi ba?"

Ta ce, "In jini ya ragu a jiki ke nan. Kawo yatsanki." Ta ɗora shi a gefen maƙogwarona, inda abu ke bugawa. "Nan wurin, da can bakin zuciya, akwai 'yan jijiyoyi masu jin ƙarfin jini duk lokacin da ya wuce. In ya yi rauni su ke fara sani. Sai su aika can ƙasan ƙwaƙwalwa, ita kuma ta ba da umarni: zuciya ta ƙara sauri, hanyoyin jini na fata da hannu da ƙafa da hanji da ƙoda duk su tsuke. Ɗan abin da ya rage a kai wa zuciya da ƙwaƙwalwa. Sanyin nan da kike ji a hannu, jiki ne ke tattali."

Na ce, "To in anka gasa shi da wuta?"

"Kin buɗe ƙofofin da jiki ya rufe da kansa."

"In anka tashe shi zaune fa?"

"Kin sa jini hawan tudu, ga shi ba ƙarfi. Kwanciya ake sa shi, a ɗaga ƙafafu. Wai wa ya ba ki wannan jarrabawa da za ki yi mini?"

Na yi dariya na ce ba kowa. Ta tafi ta dafa shayi. Ni kuwa na zauna ina kallon ruwan indararo, na koma wata damina.

Lokacin mulkin kai bai daɗe ba, ana ce wa ƙasarmu Jihar Arewa. Ina makarantar firamare a nan Tambuwal, ina zaune wurin Gwaggo, sai an yi hutu nake komawa ƙauyenmu da ke bayan Fakku a ƙasar Kebbe. Ni yarinya ce mai kunya. A aji ko na san amsa ba na ɗaga hannu, in an kira sunana sai in duƙar da kai ina wasa da gefen kallabi. Abin da na iya shi ne kallo. Nakan san wace kaza ce ta daina ƙwai tun kafin Inna ta sani.

A shekarar nan ruwa ya makara. An yi shuka da yayyafin farko, gero ya fito kamar allura, sai sama ta ɗauke, rana ta ƙone shi. Aka sake shuka da irin da aka so a ci. Da na iso gida hutu, geron da ya kamata ya kai ƙirjin babba bai wuce gwiwata ba, kuma rumbunmu in aka buga shi sai ya amsa kamar ganga.

Inna ba ta taɓa cewa babu. Sai dai na ga yadda take rage abubuwa ɗaya bayan ɗaya. Da farko awaki suka daina samun dusa, don mu za mu ci ta. Sai furar rana ta koma tsarki, ruwa-ruwa, kana ganin gindin ƙwarya. Sai tuwon dare ya zama na Baba da ƙanina Bello, wanda bai daɗe da yaye ba, mu kuwa da ita muka koma tafasa da rama da yaɗiya, a dafa a matse a barbaɗa ɗan ƙuli in akwai. Ƙwaryar awonta ma ta sauya. Babbar ta koma bisa rataye, ta ɗauko wata 'yar ƙarama mai ɗinki a baki.

Shanunmu sun tafi daji da ɗan ƙanin Baba don kada su shiga gonakin mutane, aka bar saniya biyu a gida saboda nono. Nonon nan Inna ke kaiwa kasuwa ta musanya da hatsi, amma a wannan damina kowa nono gare shi, ba mai hatsi. Sau da yawa yadda ta tafi da ƙwarya haka take dawowa da ita, ya yi tsami.

Sai malka ta zo. Ruwan da aka yi ta roƙo ya zo gaba ɗaya, ya ƙi tafiya. Itace ya jiƙe, hura wuta ya zama aikin hawaye. Tufafi ba sa bushewa, tabarma ta yi fumfuna, gishiri ya narke a cikin tukunyarsa. Tsakar gida ta zama taɓo, turken shanu kuwa ba a magana, ƙafarsu na nutsewa har idon sawu. Ciyawa ta taso ta fi geron gudu. Baba da ƙaninsa Bappa Sambo suna fita noman maimai cikin ruwan, su sare ciyawa yau, gobe ta sake kama ƙasa don ba ranar da za ta kashe ta. Su dawo da yamma tafin ƙafarsu ya yi fari ya tattare. Baba ya zauna bakin murhu yana cire ƙaya, ya dube ni ya ce, "Malama, mi anka koya muku yau a makarantar kaji?" Haka yake kirana, Malama, tun ranar da aka rubuta sunana a boko. Ni kuwa sai in ɓoye fuska a bayan Inna.

Ɗaya daga cikin shanun, wata baƙa mai farin goshi, kofatonta ya ruɓe saboda taɓo, ta fara ɗingishi. Wata safiya kafin su tafi gona Baba ya ce bari ya wanke mata shi ya sa toka. Ina tsaye da ƙwaryar tokar. Ya duƙa ya kama ƙafar, ya taɓa inda ke ciwo, sai ta fizge ta harbe shi a haƙarƙarin hagu. Ƙarar ba ta da yawa, kamar an bugi buhu. Ya zauna daɓas cikin taɓo, bakinsa buɗe, ya daɗe bai ja numfashi ba.

Inna ta fito da gudu. "Malam! Mi yas same ka?"

Ya ɗaga mata hannu. Da numfashi ya dawo ya ce, "Ba komi. Gaisuwa ce tay yi min."

Bappa Sambo ya ɗaga masa riga, suka duba. Babu yanka, babu jini, sai ɗan ja kamar tafin yaro. Bappa ya latsa ƙasusuwan ɗaya ɗaya ya ce ba wanda ya karye. "Alhamdu lillahi, ai ba a ga jini ba." Kowa ya maimaita haka. Baba ya tashi, ya gama sa wa saniyar toka, ya ɗauki fartanya suka tafi.

Kafin azahar Bappa ya dawo da shi yana riƙe da kafaɗarsa. Wai yana cikin noma ya ce ƙasa na juyawa, ya faɗi tsakanin kunya. Aka shimfiɗa masa tabarma a ɗaki. Da ya kwanta kaɗan sai ya dawo daidai, har yana faɗa wai an mayar da shi mace mai jego. Abin da ya dame shi kafaɗar hagu ce, can sama, inda saniya ba ta taɓa ba. Da ƙishirwa.

Ni aka sa ba shi ruwa. Ina da wani ɗan kofi da aka raba mana a makaranta ranar mulkin kai, ba na bari kowa ya taɓa shi, da shi na riƙa ɗebo masa. Ya shanye ya ce ƙara. Ya shanye ya ce ƙara. Lokacin da yake karɓa ne yatsunsa suka taɓa nawa, na ji su kamar randa da asuba. Amma goshinsa gumi ne tsaf-tsaf, ƙanana kamar raɓa. Na duba faratansa, sun yi fari. Cikin leɓensa da goro ya rina ja, shi ma ya koɗe. A gefen wuyansa kuwa akwai wata jijiya da na sani tun ina ƙarama, in yana karatu bayan asuba nakan zauna ina kallonta tana bugawa a hankali. Ran nan gudu take, ƙanana-ƙanana, kamar ƙirjin ɗan tsako in ka riƙe shi a hannu.

Inna ta taɓa ƙafafunsa ta ce, "Sanyi ya shige shi. Wanga ruwa da yaka wuni ciki." A wurinmu sanyi shi ne abokin gaba. Shi ke kashe mai jego, shi ke kama tsoho, shi ke zama a gaɓoɓi. Ba wanda zai taɓa hannu mai sanyi haka ya zauna bai nemi wuta ba. Itacen da Inna ta ɓoye a ƙarƙashin gado don girkin kwana da kwanaki, busasshe ɗaya tak da ya rage mana, shi ta fito da shi duka. Ta cika kasko da garwashi ta ajiye gab da ƙafafunsa. Ta tafasa ruwa da ganyen tsamiya, ta riƙa tsoma tsumma tana gasa masa haƙarƙari da ciki da cinyoyi. Ɗakin ya yi zafi har ni ina gumi. Fatarsa ta ɗan yi ja, ƙafafun suka yi ɗumi, Inna ta ji daɗi. Sai dai na ga ya fara hamma, hamma a kai a kai, yana juya kai, yana tambayar abin da ya riga ya tambaya.

Da la'asar Bappa ya zo da Nomau wanzami. Haka ake yi, in mutum ya faɗo daga itace ko dabba ta buge shi, jini kan mutu a wurin, in ba a zuƙe shi ba ya zama ciwo. Nomau abokin wasan Baba ne tun suna yara. Ya shigo yana karkaɗe ruwa daga zabirarsa.

"Kai da kaka bin shanu tun ba ka da wando, yau saniya ta karanta maka wasiƙa?"

Baba ya ce, "Yi abin da ya kawo ka, Nomau. Bakinka ya fi askarka kaifi."

"To tashi zaune, angon baƙar saniya."

Suka tashe shi. Kafin Nomau ya gama jera ƙahoninsa, kan Baba ya langaɓe, idanunsa suka juye. Aka kwantar da shi, aka yayyafa ruwa, ya buɗe ido ya ce, "Mi kuka jira?" Aka sake tashe shi, Bappa ya zauna a gabansa ya rungume shi. Nomau ya kafa ƙaho a kafaɗar da ke ciwo da bayan haƙarƙari, ya tsattsaga, ya zuƙa. Ina leƙe daga bakin ƙofa. Na sha ganin ana yi wa Baba ƙaho, jini kan cika ƙahon har ya zubo. Ran nan da ƙyar ya fito, ɗan kaɗan, baƙi. Nomau ya juye shi a kan toka ya nuna wa Bappa.

"Ka gani? Matacce ne. Ya daskare, shi ya sa ba ya son fitowa." Ya sake kafawa. Amma ya daina wasa. Da zai tafi bai tsaya shan ruwa ba, na ji yana ce wa Bappa a zaure, "In ya kwana haka, ku nemi Tambuwal."

Na samu Inna a madafa, na tsaya ina murza bakin zanena, da ƙyar na ce, "Inna, in yana kwance ya fi sanin mutane. Kuma tun safe bai nemi buta ba, duk ruwan da ya sha."

Ta dube ni. Ta ce, "Na gani, ɗiyag ga. Ni ma na gani." Ta ci gaba da fifita wutar. Ba ta san abin da za ta yi da ganin ba, ni ma haka.

Gari ya waye ruwa bai tsaya ba. Cikin Baba ya kumbura ya yi tauri, shi da ko tuwon kirki bai ci ba. Muryarsa ta koma ƙasa-ƙasa. Maza suka taru a zaure. A Tambuwal akwai ɗakin shan magani na En'e, wato hukumar gargajiya, kuma daga can in an yi sa'a ana samun babbar mota mai zuwa Sakkwato. Yau yaro kan hau babur daga ƙauyenmu ya zo Tambuwal ya sayi abin da zai saya ya koma kafin azahar. A lokacin tafiyar yini ce ga mai lafiya a rani, ga rafi a bayan gari ya cika ya batse.

Bappa ya ce a ɗaure gadon kara a kan sanduna biyu, samari su ɗauke shi a kwance. Har an fara kwance gadon. Baba ya ji motsi ya tambaya, aka gaya masa. Sai ya ce, "Sambo, taho nan." Bappa ya durƙusa.

"Wa ka taɓa gani an ratsa garin ga da shi kwance bisa kara, maza huɗu na ɗauke?"

Baba ya ci gaba da magana.

"Ban mutu ba. Ba ni ratsa ƙofar mutane hakanan, mata na leƙe suna salati, ɗiyana na kallo. Ku kawo jaki."

Inna ma da aka tambaye ta, kai ta girgiza. Ta ce ba za a yi wa mijinta mugun fata ba. Babu wanda ya ga laifinsu. Ni ma a ranar da na hango gadon nan a tsakar gida sai da gabana ya faɗi.

Aka kawo jakin liman, wanda ya fi namu ƙarfi. Aka sa wa Baba rigarsa ta Juma'a da hula, aka lulluɓa masa bargo. Suka ɗora shi, Bappa ya hau bayansa ya zagaye shi da hannu, wani ya ja igiya. Haka ya ratsa gari a zaune, kansa a miƙe iyakar ƙoƙarinsa. Mutane na ce masa sannu, Allah shi ƙara sauƙi, yana ɗaga yatsu biyu. Ni da Inna muna biye, tana goye da Bello, ina ɗauke da ƙullin tufafinsa a ka. Ina ganin ƙafafunsa suna lilo a gefen jakin, takalmi ɗaya ya faɗi, na tsince shi.

Muna wuce gida na ƙarshe kansa ya faɗa kan kafaɗar Bappa. Bappa ya riƙa kiransa, "Yaya, Yaya," yana ce wa mai jan jaki ya yi sauri. Ba su tsaya ba sai bakin rafi. Ruwan ja ne, yana tafe da rassan itace, ya shanye mashigin har ya hau gonakin gefe. Mai gora da ke ƙetarar da mutane yana zaune a ƙarƙashin wata ɗorawa, ya ce ko shi ba ya shiga yau, sai ya sauka.

Aka sauke Baba a ƙarƙashin ɗorawar, inda ƙasa ta ɗan yi tudu, kansa ya zamana wajen gangare. Ya daɗe ba motsi. Can sai ya buɗe ido. Ya gane kowa. Ya tambayi Bappa ko an sallami jakin mutane da abinci. Ya ce gonar fadama a bar ta, ciyawa ta riga ta ci, a tattara ƙarfi a ta tudu. Ya ga takalminsa a hannuna ya ce, "Malama, ke anka ba sarautar takalmi?" Na ɓoye fuska, amma na ji daɗi har cikin raina.

Na dubi jijiyar wuyansa. Ta daina gudu. Tana bugawa a hankali, ɗaya, sai a jira, sannan ɗaya. Gumin ya tsaya. Ya daina juye-juye, ya daina neman ruwa. Na ja zanen Inna na nuna mata. Ta ɗora hannu a ƙirjinsa, ta saurara, fuskarta ta saki a karo na farko tun jiya.

"Zuciyar ta kwanta," in ji ta. "Alhamdu lillahi. Sambo, ka ji, ta kwanta."

Sai a malkar bana na tambayi Asma'u wannan ma. Ta ce in jijiyoyin nan sun yi ta riƙo, jini na ta raguwa, akwai inda suke kaiwa su saki. Zuciya ta rage gudu, hanyoyin da aka tsuke su buɗe. Ta ce mai yiwuwa saifarsa ce ta fashe, tana zuba a ciki, kuma wannan sai an buɗe ciki an ƙara jini. Ta ce ko a yau, daga ƙauye irin namu, cikin ruwa irin wannan, ba kowa ke kaiwa ba.

Inna ta kwance bakin zanenta ta ba ni makullin akwatinta. Ta ce a ƙasan tufafi akwai ƙullin gero, wanda ta ɓoye don ranar da babu makawa. "Ruga gida ki surfa, ki dama mai kunu mai kauri. Duka za ki sa, kak ki rage. Tun jiya ba abin da ya shiga cikinai. In ya sha ya samu ƙarfi, kafin nan ruwa ya sauka."

Na ruga. Ban taɓa gudu irin na ran nan ba, taɓo na fallatsa har bayana, ina ta murna ni kaɗai. Duk wanda ya tambaye ni a hanya, ni da ba na iya magana da manya, sai na ce, "Ya samu sauƙi!" Na surfa geron, na wanke, na niƙa. Itace babu busasshe, na tsinke karan danga na haɗa da ragowar gawayin jiya, na yi ta hurawa har idona ya yi ja. Na jiƙa tsamiya. Kunun ya yi kyau, ya yi kauri, ƙamshinsa ya cika gidan da ya daɗe bai ji ƙamshin gero sosai ba. Ban ɗanɗana ba ko da a yatsa.

Ina juye shi a ƙwarya na ji samari sun shigo da sauri ba sallama. Ba su dube ni ba. Suka ɗauki gadon karan nan da sandunansa suka fita.

Na tsaya da ludayi a hannu. Ban san tsawon lokacin da na yi a haka ba. Daga baya mata suka fara shigowa, gidan ya cika. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta ga ƙwaryar a gabana, ta taɓa ta ji da sauran zafi, ta ce, "Allah shi yi miki albarka, ɗiyata, kin yi tunani." Ta ɗauka ta kai zaure, wurin masu haƙar kabari.